Da gaske ne akwai "aljannar duniya" a Alamut?

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne Hasan Sabbah, shugaban wani ɓangare na 'yan Shi'a Isma'iliyya, ya gina lambu a sansanin Alamut, yana yaudarar samari da shi. Wannan dai almara ce.

Alamut na kan wani tsauni a duwatsun Alborz, lardin Kazwin, ƙasar Iran. Hasan ya karɓe shi a 1090, da dabara ba da yaƙi ba, ya zauna nan har rasuwarsa a 1124. Mabiyansa sun kashe manya kam, har da Nizamul Mulk, wazirin daular Saljuk, a 1092.

Zancen lambun kuwa, wai a bugar da yaro da ƙwaya, ya farka cikin 'yan mata da ƙoramun madara da zuma, a ce masa aljanna ke nan, matafiyin nan na Italiya, Marko Polo, shi ne ya baza shi a Turai. Shi kuma ya ratso Farisa (Iran ta yau) ne bayan Hulagu, jagoran mayaƙan Mongol, ya rushe wurin a 1256. Ji ya yi, bai gani ba, kuma galibin labarin mutanen nan daga bakin abokan gabansu ya fito.

Ni abin da ya fi ba ni takaici ɗakin karatunsu ne. Juwaini, masanin tarihi da ke tare da Hulagu, ya tsame Alƙur'anai da 'yan littattafai, sauran aka cinna musu wuta. Yau ragowar bango da rijiyoyin tara ruwa da aka fafe cikin dutse suka rage.