Tambaya da Amsa: Shin Chapman giya ce aka sake wa suna?

Tambaya: Baba, barka da aiki. Ina sana'ar abinci da abin sha na biki a Mamobi. A da sobolo da lamurje ake nema, yanzu kuwa amare sai su ce a yi musu Chapman da mojito. Ƙanwar mahaifiyata ta ce duk giyar Turawa ce aka sake wa suna. Daga ina abubuwan nan suka samo asali, kuma gaskiyarta ce? Rabi, Mamobi, Accra.

Amsa: 'Yata Rabi, Allah Ya yi wa sana'a albarka. Innarki ba ta yi ƙarya ba, sai dai ba ta faɗi duka ba. Ni da ƙuruciya na ɗauki tire a wani babban otel a nan Accra. Ban taɓa kai ko ɗaya baki ba, amma kunnena ya sha labari wurin masu haɗawa.

Irin waɗannan haɗe-haɗen abin sha, da suke kira koktel, asalinsu da barasa ne. A 1806 wani mai karatu a garin Hudson na jihar New York ya aika wa jarida tambaya kan mene ne koktel, kamar yadda kika aiko, edita ya amsa masa cewa haɗi ne na barasa da sukari da ruwa da ruwan ɗaci, wanda suke kira bitas. Wanda ake kira Old Fashioned har gobe haka ake yin sa. Ki riƙe maganar ruwan ɗacin nan, domin da yawa daga cikin haɗe-haɗen nan magani ne tun farko, aka bi shi da zaƙi don ya shaɗu.

Ɗauki tonik. Zazzaɓin cizon sauro ya yi ta kashe Turawa a Indiya da gaɓar tekunmu, maganinsa kuwa yana cikin ɓawon wata bishiya ta tsaunukan Peru. A 1820 wasu Faransawa biyu suka tace kwinin daga ɓawon. A 1854 Likita Baikie ya hau Kwara da Binuwai da jirgin ruwa, yana ɗura wa mutanensa kwinin kullum, suka dawo ba a rasa rai ko ɗaya ba, abin da a wancan zamanin ya zama abin mamaki. Amma kwinin ya fi maɗaci ɗaci. Sojojin Ingila a Indiya sai suka riƙa kashe ɗacin da sukari da ruwan soda, wato tonik ke nan, su zuba barasar da ake kira jin a kai. Haka aka haifi jin da tonik. Tonik shi kaɗai babu barasa a cikinsa, kuma kwinin ɗin na yanzu ɗan kaɗan ne, kada wani ya sha ya ce ya yi maganin zazzaɓi.

Lemon tsami ma hanyar ke nan. Ma'aikatan jirgin ruwa kan yi watanni ba ɗanyen abu, dasashi ya kumbura, haƙora su zube. A 1867 Ingila ta tilasta wa jiragen 'yan kasuwa ɗaukar ruwan lemon tsami don maganin wannan ciwo. A shekarar ne wani ɗan Sikotilan, Lauchlan Rose, ya gano yadda za a adana shi da sukari maimakon barasa. Da masu sha suka gauraya shi da jin, suka ce Gimlet. Kamfanin nasa daga baya ya noma lemon tsami a ƙasar nan, wajen Cape Coast, tun ana kiran ta Gold Coast.

Mojito ta Kyuba ce: barasar rake, lemon tsami, sukari, na'a-na'a, ruwan soda. Ta yi suna lokacin da Amurka ta haramta giya daga 1920 zuwa 1933, masu kuɗinsu suka riƙa tsallakawa Habana, babban birnin Kyuba. Negroni ta birnin Florence na Italiya kuwa, kayan haɗinta uku duk barasa ne, babu abin da za ki cire ya rage miki wani abu. Ki bar musu kayansu.

To, Chapman, inda nake son ki saurara. Daga Legas ta zo, kuma kowa na ɗaukar ta lemo: Fanta, Sprite, jan ruwan zaƙi da ake kira grenadin, kokwamba, yankan lemo, ƙanƙara. Sai a ƙarshe mai haɗawa ya ɗauko wata 'yar kwalba mai murfi rawaya, wadda takardar jikinta ta yi mata yawa, ya girgiza sau biyu ko uku. Bitas ɗin Angostura ke nan. Wani likita Bajamushe, Johann Siegert, ya haɗa ta a 1824 a garin Angostura na Venezuela don ciwon cikin sojojin Simon Bolivar, jagoran yaƙin neman 'yancin ƙasar, yanzu a Trinidad ake yin ta. Ki karanta takardar da idonki: barasa kashi 44.7 cikin 100, ta fi ire-iren jin da yawa ƙarfi. Ɗigo kaɗan ake sawa, ba ya bugar da kowa. Hukuncinsa ki kai wa malaminku na unguwa, ni ba malami ba ne. Amma a ganina mai sayar wa jama'a abin sha a bikin Zango ba ta da dalilin ajiye kwalbar nan.

Ɗacin da take bayarwa kina da shi a kicin. Ki tafasa ɓawon lemon zaƙi da kanumfari da citta da ɗan kimba, ki tace, ki riƙa ɗiga rabin cokalin shayi a kofi. A madadin grenadin ki dafa sobolo mai kauri da sukari, launinsa ma ya fi kyau. Mojito kuma ki cire barasar, ki danna na'a-na'ar da sukari a hankali da bayan cokali. In kika daka ta, ɗaci take yi.

In amaryar ta fita shan iska unguwar Osu ta nemi Chapman, ta buɗe baki ta ce kada a sa bitas. Ce musu "ba barasa" bai isa ba, don mai haɗawa ba ya lissafa 'yar kwalbar a cikin giya. Ki gaida innarki.