Tsohuwar waya a cikin silin

Ka ce in gaya maka layi nawa za ka raba fitilun gidan nan da ake gyarawa, kuma ko za ka iya ɗora sababbin fitilu a kan tsohuwar wayar da ke cikin silin. Tambayar farko, wanda ya shekara biyu yana riƙe mini tsani bai kamata ya yi ta ba. Sama layinta daban, ƙasa daban, fitilun waje daban tunda su ruwa ke duka. Waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5, bureka mai amfiya 6 ko 10. Amfiya 6 a wutar bolt 230 wat 1,380 ke nan, ƙwayayen LED na yanzu kuwa ko talatin ka jera masu wat 10 ba su kai kwatansa ba. Ka ga ba nauyi ne ke sa a raba ba. Ana rabawa ne don kada bureka ɗaya ta faɗi gida ya yi ɗif, mutum yana tsakiyar matakala da yaro a hannu.

Ta biyun ce ta sa na ajiye filaya na zauna, domin ka taɓo mini inda yake yi mini ƙaiƙayi.

Wani mutum ya taɓa ba ni gyaran gidan bene, tsohon gini, wayoyinsa ja da baƙi irin na da. Na ce masa a zare komai a sa sabo. Ya ce a'a, wai wayar da ta fi ta yanzu kyau, in canja akwatin bureka kawai in ƙara fitilu. Na ce to bari in gwada layukan tukuna. Ya ce masu silin suna waje da kayansu, kwana ɗaya na ƙara shi zai biya su zaman banza. Yana magana yana kaɗa makullin mota a fuskata. Ni kuma, da shekarun da na yi a sana'ar nan, na leƙa kaina cikin silin da tocila, na ga roba ba ta tsage ba, na ce a rufe. Ban sa mega ba, na'urar da ke gwada ko robar waya tana tsare wuta. Ban sa shi ya rubuta cewa shi ya hana ba.

Aka rufe, aka yi fenti, aka rataya fitilu masu ƙyalli. Na haɗa sabon akwati, sama a kan RCD ɗaya (na'urar da ke yanke wuta in ta zurare), ƙasa a kan wata. Kowane ɗaki ya kama lafiya lau. Ina danna makunnin fitilar matakala sai na ji ƙwas, ƙwas, duka biyun sun faɗi. Na tayar, na sake dannawa, suka sake faɗuwa.

Ka san abin da wanda ya yi wayarin farko ya aikata? Fitilar matakala mai makunni biyu ce, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Don ƙyashin jan waya, sai ya ɗauko mata wuta daga layin ƙasa, ya ari nutural daga layin sama. A zamanin fis wannan ba ya nunawa, fitila za ta yi shekara da shekaru tana ci. Amma RCD awo take yi: abin da ya fita ta wayar wuta dole ya dawo ta nutural ɗinta, in bambancin ya kai miliamfiya 30 ta yanke. Wuta ta fita ta nan ta dawo ta can, yaya ba za su faɗi ba? Kuma irin wannan haɗin ne ke cizon mutum bayan ya kashe burekar sama yana ganin ya tsira.

Kwana uku ina farautar mahaɗar. Ashe ba ta cikin kowane akwati, murɗe ta aka yi aka naɗe da salatif aka jefa bayan katako. Sai da na huda sabon silin wuri huɗu. Mutumin nan ya tsaya a ƙarƙashin ramin, farar ƙura na zubo masa a kafaɗa, ya ce a gaban yarana wai bai taɓa cewa a bar tsohuwar waya ba. Bai taɓa ba! Ni na biya mai silin, ni na biya mai fenti, na sayi waya naɗi biyu daga aljihuna, cikon kuɗina kuwa har yau yana wurinsa. Daga baya na ji yana ba da labarina wai ban iya aiki ba. Ni!

Saboda haka ga abin da za ka yi gobe, kafin kowa ya ɗaga allon silin ko ɗaya. Kashe wuta, ka tabbatar ta mutu, ka cire nutural na kowane layi daga sandarsa, ka gwada tsakaninsu. In biyu sun yi magana da juna, wato awo ya nuna a haɗe suke, akwai aro, ka nemo shi. Sannan ka cire ƙwayaye da duk wani makunni mai rage haske, ka sa mega a bolt 500. Abin da bai kai megaom 1 ba ko kallonsa kada ka sake yi, zare shi. Ka duba ko wayar kariya (earth) ta isa kowace fitila, domin tsofaffin gidaje da yawa ba a ja ta zuwa fitilu ba, ga shi yanzu kowa fitilar ƙarfe yake so.

Wurin makunni kuwa, ka zagaya da mai gidan da matarsa ɗaki ɗaki da alli a hannunka. Ka tambayi inda kowace ƙofa za ta buɗe, kada makunni ya ɓuya a bayanta. Ka zana a takarda ya sa hannu, in ya ce a bar tsohuwar waya wannan ma ya shiga takardar. Ku yaran yanzu komai sai ku ce yana cikin wayar salula, ranar rigima kuma a ce ta faɗa ruwa. Ka kai nutural cikin akwatin kowane makunni ko ba a buƙata yau, masu makunnin zamani za su zo nema. Yadda ake haɗa makunni biyu kuma kada ka tambaye ni, sau nawa ka ga na yi.

Megar tana cikin jakata, ka ɗauka da safe. Batirinta ya yi sanyi, ka canja kafin ka fara.