Wa zan kira ya rage mini cunkoson itatuwa a dajin mapul?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, shekara biyu ke nan da ni da iyalina muka sayi fili mai eka 32 a arewacin jihar Vermont ta Amurka, kuma mafi yawansa daji ne na itatuwan mapul, waɗanda ake tatsar ruwansu a dafa ya zama maɗi. Bara na huda guda 40 na rataya musu bokitai, amma abin da na samu bai taka kara ya karya ba, maƙwabcina kuwa ya ce cunkoso ne ya yi wa itatuwan yawa. Kwanan nan wani mai yankan katako ya zo ya ce zai rage mini su kyauta, muddin na bar masa gumaguman da ya sare. Shin in amince masa, ko akwai waɗanda ya kamata in fara nema?

Mai karatu daga Vermont

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka bari zarto ya taɓa ko itace ɗaya a filin nan kafin malamin daji ya zagaya shi da ƙafarsa. Ba na zargin mutumin da ya zo maka da mugun nufi, sai dai abin da yake nema daban ne da abin da kake nema. Shi ribarsa tana cikin manyan itatuwa miƙaƙƙu masu lafiya, domin su ne kamfanin katako yake saye da daraja, kai kuma waɗannan ɗin su ne jarinka. Idan ka sakar masa zaɓi, zai kwashe tsoka ya bar maka ƙashi, wato karkatattu da masu ruɓa a ciki, alhali bishiyar mapul takan yi kusan shekara 40 kafin kaurinta ya kai inci 10 zuwa 12 idan aka auna ta a tsayin ƙirjin mutum, wanda shi ne mafi ƙarancin girman da ake hudawa. Ɓarnar sati biyu sai ta kai ga jikokinka ba ta gyaru ba.

Maganar maƙwabcinka tana kan hanya. Ganye ne yake haɗa sukari da hasken rana a lokacin zafi, bishiya ta adana shi, sannan a ƙarshen hunturu, tsakanin Fabrairu da Afrilu, idan dare ya daskare rana kuma ta ɗan yi ɗumi, ruwan ya riƙa ɗiga daga hudar. Bishiyar da ta samu sarari ta baza rassa tana ba da ruwa mai yawa kuma mai zaƙi, wadda aka matse kuwa sai ta yi tsawo siririya da ɗan tukkun ganye a can sama. Masu wannan sana'a suna da lissafi mai sauƙi da suke kira ƙa'idar Jones: a raba 86 da adadin sukarin da ke cikin ruwan. Idan sukarin kashi 2 ne cikin ɗari, sai ka dafa galan 43 kafin ka samu galan ɗaya na maɗi, idan kuwa kashi 3 ne, galan 29 ya ishe ka. Wanda ya taɓa kwana yana tura itace a murhu ya san nauyin wannan bambanci.

Ƙofar farko da za ka ƙwanƙwasa ita ce ta malamin daji na gundumarku, wanda ma'aikaci ne na sashen kula da dazuzzuka da wuraren shaƙatawa na jihar Vermont. Yakan zo ya zagaya fili tare da mai shi ya ba da shawara ba tare da an biya shi ba. Galibi ba shi ne zai rubuta maka cikakken tsari ko ya tsaya a kan aikin sara ba, amma zai gaya maka gaskiyar halin da dajin yake ciki, kuma zai nuna maka malaman daji masu zaman kansu da suke aiki a yankinku. Daga cikin waɗannan ne za ka ɗauki wanda zai zama idonka, kuma tun 2016 jihar take buƙatar su riƙe lasisi, saboda haka ka nemi ganin nasa. Ka lura akwai malaman daji da kamfanonin katako suke ɗauka aiki domin su sayo musu itace. Ilminsu ɗaya ne da na sauran, amma wanda yake biyan mutum albashi shi yake yi wa aiki.

Idan ka samu biyu ko uku, ka tambayi kowannensu ko ya taɓa gyara dajin da ake tatsa, kuma ka roƙi ya kai ka wani wuri da ya yi aiki shekara biyar da suka wuce ka gani da idonka. Wannan tambaya tana da muhimmanci domin wanda ya saba da renon katako yana son dogon gangar jiki marar reshe, kai kuwa faffaɗan kai kake so. Ka kuma ji yadda yake karɓar ladansa, ko da awa, ko da eka, ko kaso daga kuɗin katakon da aka sayar. A ganina biya da awa ko da eka ya fi kwanciyar hankali a aiki irin naka, tunda mai karɓar kaso yana ƙaruwa ne idan an sare da yawa.

Aikin da zai yi shi ne ya zaɓi itatuwan da za a raya tukuna, sannan ya shafa fenti a jikin waɗanda rassansu suke gogayya da su, alama ɗaya daidai ido, ɗaya kuma a ƙasa inda za ta saura a kututture, domin bayan an gama ka iya tabbatar da cewa abin da aka yi wa alama kaɗai aka sare. Ba a buɗe daji gaba ɗaya a karo guda. Bishiyar da ta tashi a inuwa, idan aka yaye mata maƙwabta farat ɗaya, rana takan ƙona mata ɓawo, iska kuma ta iya tuge ta saboda saiwar mapul ba ta nitsewa sosai, don haka ake buɗe mata gefe biyu ko uku, a dawo bayan wasu shekaru. Kada kuma ka matsa masa ya kawar da duk abin da ba mapul ba. Shirin Audubon, ƙungiyar kare tsuntsaye, na Vermont yana neman a bar aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na wasu itatuwan, kuma ba tsuntsaye kaɗai suke amfana ba, domin tsutsar da take cinye ganyen mapul ta fi yin ɓarna a dajin da iri ɗaya ya mamaye.

Ta fuskar kuɗi, eka 32 ɗinka suna iya shigar da kai shirin jihar da aka fi sani da Current Use, wanda yake rage harajin fili ga mai daji na aƙalla eka 25, ban da eka 2 na kewayen gida, bisa sharaɗin yana da rubutaccen tsarin kula da dajin da ake sabuntawa duk shekara 10. Hukumar kiyaye albarkatun ƙasa (NRCS) ta ma'aikatar gona ta Amurka ma tana ɗaukar wani ɓangare na kuɗin irin wannan aiki a ƙarƙashin shirinta na EQIP, amma sai an amince da takardarka kafin ka fara. Don ƙarin sani kan tatsar kanta, akwai cibiyar bincike ta Proctor ta Jami'ar Vermont a garin Underhill, da ƙungiyar masu dafa maɗin mapul ta jihar wadda take nan tun 1893.

Shi mai yankan katakon nan yana iya samun aikin daga baya, bayan an yi fenti, an rubuta yarjejeniya, ya kuma nuna takardar inshorarsa. A rubuta a ciki cewa motar jan gumagumai za ta shiga ne lokacin da ƙasa ta daskare ko ta bushe ƙayau, ta kuma bi hanyoyin da malamin dajin ya shata, domin tayar mota a ƙasa mai laushi tana murƙushe saiwa, gungumen da ya goge gindin bishiya kuma yana buɗe wa ruɓa ƙofa. Idan kana da niyyar barin bokiti ka koma ga tiyon roba da yake kai ruwan tanki, ka dakata da shimfiɗa shi sai an gama saran, don kada ka ɗaura shi bana ka kwance shi baɗi.