Shawara ga ƙaramin mawallafi: injin ɗab'i ko ƙarin littattafai?

Wani mawallafi daga Kano ya aiko da tambaya. Ya ce yana da ƙaramin kamfanin wallafa wanda ya fitar da littattafai shida, huɗu a kan ƙwallon ƙafa da dambe, biyu kuma tarihin rayuwar wasu mutane. Yanzu wani ɗan'uwansa ya yi masa tayin jari mai kauri, shi kuwa yana tunanin ko ya sayi injin ɗab'i wanda aka taɓa amfani da shi domin ya huta da biyan maɗaba'a, ko kuwa ya buga sababbin littattafai da yawa a lokaci guda.

Malam, Allah ya sanya albarka a wannan sana'a. Amsata ita ce kada ka sayi injin yanzu, kuma kada ka watsa jarin a kan sababbin littattafai barkatai. Wallafa sana'a ce daban, aikin maɗaba'a ma sana'a ce daban. Ranar da ka girke inji, ka ɗauko wa kanka kuɗin janareto da man dizal da albashin mai tuƙa shi da kayan gyara, kuma littattafai shida ba za su ciyar da shi ba. Dole ka koma neman kwangilar katin biki da kalanda da fastocin siyasa, sai ka wayi gari aikin da ka fara dominsa ya zama na bayan fage. Bayan haka, injin ba zai raba ka da babbar matsalar ba, wato takarda. Masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe ba sa biyan bukatar ƙasar nan, yawancin takardar da ake buga littafi da ita daga waje take zuwa, shi ya sa tun da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023 farashin rim, wato ƙunshin takarda, yake bin dala sau da ƙafa.

Abin da ke kashe ƙaramin mawallafi shi ne kuɗin da ya kwanta a cikin kwali. Bari mu yi lissafi na misali kawai. A ɗauka ka buga kwafi 1,000 a kan naira 1,200 kowanne, ka kashe wasu naira 300,000 wajen tace rubutu da tsara shafuka da zanen bango; jimla naira 1,500,000 ke nan. Idan farashin littafin naira 5,000 ne, mai shago ya ɗauki kashi 35 cikin ɗari, marubuci ya karɓi kashi 10, abin da zai dawo hannunka a kowane kwafi naira 2,750 ne. Ashe sai ka sayar da kusan kwafi 550 kafin uwar kuɗinka ta dawo, kuma da yake masu shagon littattafai sun fi son a ajiye musu kaya su biya bayan sun sayar, wannan dawowa tana iya cin wata shida ko shekara. Saboda haka, kafin ka karɓi ko sisi daga ɗan'uwanka, ka zauna da littafin ajiyarka ka fitar da abu uku game da kowane ɗaya daga cikin shidan: nawa aka buga, nawa aka biya ka kuɗinsu a hannu, kuma cikin wata nawa. Kwafin da ke kan kantar wani a Sabon Gari ba ciniki ba ne, bashi ne.

A nan ne littattafan wasanni suke da wata ɗabi'a da ya kamata ka kula da ita sosai. Littafin da aka rubuta domin wata gasa mai zuwa tumatir ne, idan aka busa usur na ƙarshe ya fara ruɓewa. Littafin tarihi kuwa hatsi ne, yana jure zaman rumbu. Jagorar gasar cin kofin Afirka ko ta duniya ba ta da kasuwa bayan wasan ƙarshe, kuma labarin da ke cikinta kowa yana samunsa kyauta a wayarsa. Amma cikakken tarihin Kano Pillars, tun kafuwarta a 1990, da kofunan gasar ƙasa da ta ɗauka a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, da yadda ta fitar da Al Ahly ta Masar a 2009 har ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka, wannan littafi ne da za a riƙa nema shekara da shekaru. Haka tarihin dambe da ɓangarorinsa na Kudu da Arewa da Guramada, ko kokawar Nijar da takobin da ake ba zakaranta, wadda aka fara gasarta ta ƙasa a Tahoua a 1975, wadda kuma za ta buɗe maka kasuwar Maraɗi da Damagaram. A ganina babbar asara ce a ce tsofaffin 'yan wasa da makaɗansu suna ta rasuwa ba a rubuta abin da ke bakinsu ba, kuma wannan giɓi shi ne dukiyar mawallafi irinka, domin manyan kamfanoni sun karkata ga littattafan makaranta.

Game da jarin, ka karɓe shi kashi-kashi bisa tsarin mudaraba, wato jari nasa aiki naka, littafi ɗaya a kowace yarjejeniya, a rubuta yadda za a raba riba a gaban shaidu, domin kada zumunci ya lalace idan ciniki ya yi nawa. Ka fara da sake buga wanda ya fi tafiya cikin shidan, tun da an riga an biya kuɗin tacewa da tsarawarsa, ribarsa ta fi ta sabo. Sabon littafi kuwa, ka gwada shi da kwafi 200 ko 300 ta injin dijital. Kowane kwafi zai fi tsada, amma ka sayi sanin kasuwa da arha. Kafin ka kai aiki maɗaba'a, ka buɗe rajistar masu biya tun kafin fitowa ta hanyar ƙungiyoyin magoya baya da gidajen kallon ƙwallo da shirye-shiryen wasanni na rediyo, domin kwafin da ka sayar kai tsaye yana bar maka kason mai shago.

Sauran takardu ne, kuma ba su da wuya. Ka yi wa kamfanin rajista da hukumar CAC mai rajistar kamfanoni, ka buɗe masa asusun banki dabam da naka, ka karɓi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ka kuma kai musu kwafi uku da doka ta wajabta. Da yake a Kano kake, ka tuntuɓi hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta jiha. Hotunan 'yan wasa kuwa suna da masu su a ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta 2022, don haka kada ka ciro hoto daga Facebook ka ɗora a bango. Ka nemi mai ɗaukar hoton, ku yi ciniki, ya sa hannu a takarda kafin a fara buga littafin.