Ku Tambaya Mu Amsa: Na'urar Karatu ga Yaro Mai Raunin Gani ko Ji

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da 'yan aji huɗu a wata makarantar kuɗi a Jidda, yawancinsu 'ya'yan Hausawa ne. Akwai yarinya mai raunin gani, sai ta kai takarda dab da hancinta take karantawa. Iyayenta sun saya mata iPad, na tura mata darasi, amma ya ƙi karanta mata. Ina matsalar take? Daga wata malama a Jidda.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kafin ki ɗora wa iPad laifi, duba takardar da kika tura. Galibin darussan da ke yawo a WhatsApp hoton shafin littafi ne aka mayar PDF, kuma na'ura ba ta ganin harafi a cikin hoto. Buɗe shi a kwamfuta, ki danna Ctrl da F, ki nemi kalmar da ga ta kina kallo a shafin. In aka ce babu, to hoto ne.

Ɗora shi a Google Drive ki buɗe da Google Docs, zai ciro rubutun. Sai dai ki bi shi layi-layi, don inda hoton ya yi dishi-dishi ɗigon haruffan Larabci kan rikice, sai 'ba' ta koma 'ta', ko 'ta' ta koma 'sa'. Sannan ki sa wasali, wanda nan ne malamai suka fi sakaci. Kataba da kutiba da kutub duk baƙi uku ne iri ɗaya. Babba yana ganewa daga ma'anar jimla, na'ura kuwa cinka take yi, yarinya ta haddace kuskure. Aya dai kada ki bar wa muryar na'ura, ki sa mata karatun alaramma.

Tunda tana gani kaɗan, kada ki fara da VoiceOver, wato tsarin iPad mai faɗin duk abin da aka taɓa a gilashi. Don makaho aka yi shi, kuma yana sauya yadda ake taɓa gilashin: taɓawa ɗaya zaɓi ce, sai an taɓa sau biyu abu ke buɗewa, sai yaro ya zaci na'urar ta lalace. Shiga saiti, sashen da a Larabci aka rubuta Tashilatul Istikhdam, ki kunna karanta shafi. Daga nan in ta ja yatsu biyu daga saman gilashin zuwa ƙasa zai karanta mata. Rubutu ki fara da girma 18, baƙi wuluk a kan fari, ki riƙa ƙarawa har ta daina sunkuyo. Allon aji kuma ta ɗauki hotonsa ta buɗa da yatsu. Duk wannan ba ya hana a kai ta wurin likitan ido.

Tambaya: Ɗana ɗan shekara tara yana sa na'urar ji. A gida lafiya lau, a aji kuwa malaminsa ya ce ba ya bin darasi. Daga wani mahaifi a Makka.

Amsa: Alhaji, nisa ne da hayaniya. Duk lokacin da tazara ta ninka, ƙarfin murya kan ragu da kusan desibel 6 (ma'aunin ƙarfin sauti), ga na'urar sanyaya ɗaki tana ruri, na'urar kunnensa kuma tana ƙara su duka tare. A dawo da shi layin gaba, nesa da na'urar sanyin, malam kuma ya daina bayani yana fuskantar allo, don yaron da leɓe yake cike gurbin abin da bai ji ba.

In da hali, ka tambayi likitan ji ƙaramin makirufo marar waya da ya dace da irin na'urarsa. Malam zai maƙala shi a gaban riga, santimita 15 zuwa 20 daga baki, ba ƙarƙashin gutura (ƙyallen da mazan Larabawa ke yafawa a ka) ba, don gogar yadi kai tsaye take shiga kunnen yaro. Ya kashe shi in zai fita aji.

Ka riƙa duba batir kowace safiya. In irin mai 'yar takarda ne a baya, da iska yake aiki: ɓare takardar, ka jira minti ɗaya kafin ka sa. Gumi ma yana dusashe sauti, saboda haka da dare a buɗe murfin batirin, a kwantar da na'urar cikin kwalbar busarwa.