Amsar tambayarki a kan kofin da Yahudawa ke fasawa ranar aure

'Yata, saƙonki ya iso, na kuma ji daɗi da karatu ke tafiya daidai. Kin ce kin ga bidiyon wani bikin auren Yahudawa, ango ya taka kofin gilashi ya farfashe, jama'a suka ɗau sowa, ƙawarki kuma ta ce miki wai korar aljanu ake yi. Kina so ki san asalin abin, da dalilin da ya sa Ƙudus ba ta fita daga bakinsu alhali kakanninsu a Turai ko Yaman ko Habasha aka haife su. Ki gyara zama, maganar da tsawo.

Akwai masana tarihi da ke danganta farkon al'adar da tsoron aljanu, saboda haka ƙawarki ba ta yi ƙarya ba. Amma in kika tambayi masu yin ta yau, za su ce miki makoki ne aka cusa a tsakiyar murna. Annabi Sulaimanu (AS) ya gina babban ɗakin ibada a Ƙudus, wanda ake kira Haikali. Bukhtanasar sarkin Babila ya rushe shi a shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya kwashi mutane zuwa ƙasar da yau take Iraƙi. Suka komo suka sake ginawa, sai Rumawa a ƙarƙashin Titus suka ƙone shi a shekara ta 70 Miladiyya. Malamansu suka ce muddin ɗakin nan yana kwance, ba a yarda farin cikin kowa ya cika fal ba. A Zabura ta 137 akwai rantsuwar wanda ya ce in ya manta da Ƙudus harshensa ya manne wa ganɗarsa, kuma sau da yawa ita ake karantawa kafin ango ya ɗaga ƙafa.

Ba kofin kaɗai ba ne. Mai tsananin riƙon addini in ya gina gida, yakan bar wajen kamu guda a bangon da ke fuskantar ƙofa ba shafe ba fenti, don duk mai shigowa ya ga ginin bai kammala ba. Sau uku suke ibada a yini, fuska na kallon Ƙudus, mu ma ai can muka fara fuskanta kafin a juyar da alƙibla zuwa Ka'aba. Ranar tara ga watansu na Ab suna azumin tuna rushe Haikalin, su zauna a ƙasa kamar masu zaman makoki. A ƙarshen cin abincin Idin Ƙetarewa, na tuna fitarsu daga Masar, kowa ya ce baɗi a Ƙudus. Wanda ya mutu a baƙuwar ƙasa, in an samu 'yar ƙasar can a ƙulli sai a barbaɗa masa a kabari.

Kin san na yi shekaru ina fataucin riɗi da dawa a Gadarif ta ƙasar Sudan, wurin danginmu da suka tashi tafiyar Makka da ƙafa, guzuri ya ƙare, suka zauna suna noma har jikoki. Wanda ya ga tsohon da aka haifa a hanyar hajji, har furfura bai daina cewa baɗi zai ƙarasa ba, ba zai yi mamakin irin wannan bege ba. A can ne kuma, shekarar yunwa ta 1984, Habashawa suka yi ta kwararowa. A cikinsu akwai Yahudawan yankin Gondar da Tigray, waɗanda rediyo ke kira Falasha, su kuma suna kiran kansu Beta Isra'ila. Ba ka gane su a kasuwa, don ɓoye addininsu suke yi. Ga ramammun mata da fararen mayafai da suka koma kalar ƙasa, suna sayar da 'yan kayan jikinsu su sayi mudun dawa. Makonni suka yi suna tafiyar dare, 'yan fashi na tare su, ƙishirwa na kayar da yara. A sansanin Um Rakuba da makamantansa cutar gudawa da ƙyanda suka yi musu ɓarna. An ƙiyasta kusan 4,000 suka mutu tsakanin hanya da sansanoni.

Ba yunwa kaɗai ta taso su ba. A garuruwansu maƙera ne da masaƙa, matan kuma maginan tukwane, maƙwabta na yi musu kallon mayu. Kwana hamsin bayan babban azuminsu na neman gafara suna da wani idi, Sigd. Da asuba a fito da azumi a baki, malamansu da ake kira kes suna gaba ƙarƙashin laima masu launi, ɗauke da Attaurarsu da aka rubuta da harshen Ge'ez, a hau dutse, a yi ta addu'a Allah ya mai da su Ƙudus. In shamuwa ta ratso sama, yara su yi ta tambayarta labarin birnin, don sun ɗauka daga can ta taso. Da yawa daga tsofaffinsu ma sun zaci Haikalin yana nan a tsaye, sai da suka isa aka faɗa musu, suka yi ta kuka.

Daga Nuwamban 1984 zuwa farkon Janairun 1985 aka kwashe kimanin 8,000 a asirce daga filin jirgin Hartum zuwa Isra'ila, ta Beljiyam. Da labari ya fasu aka dakatar, iyalai suka rabu biyu, kuma bayan faɗuwar Numairi shugaban Sudan an gurfanar da mataimakinsa Umar al-Tayyib a kan wannan magana. A Mayun 1991, gwamnatin Mengistu ta Habasha na rugujewa, aka ɗebi mutum sama da 14,000 daga Addis Ababa cikin sa'o'i 36. An cire kujerun jirage, jirgi ɗaya ya ɗauki fiye da mutum dubu.

To, isar ita ce inda zuciyata ta fi tsayawa. Mutumin da ya binne ɗansa a hanya saboda addininsa, ya sauka ya sumbaci ƙasa, sai hukumar malamai ta ce masa a sake yi masa wankan shiga addinin, don ana kokwanton asalinsa. Alhali tun 1973 babban malamin Isra'ila Obadiya Yusuf ya ba da fatawar cewa Yahudawa ne. Yahudawan na Habasha suka yi zaman dirshan a Ƙudus a 1985. Aka zuba su a gidajen karɓar baƙi, aka sauya wa da yawa suna, aka kai yara makarantun kwana. Kes ɗin da gari guda ke durƙusa masa ya wayi gari ba a yarda ya ɗaura aure ba. Maigida manomi ya tsinci kansa a bene, ba gona ba garke, in zai ga likita sai ɗansa ɗan shekara goma ya yi masa tafinta. Ki duba yadda girman uba yake zubewa a irin wannan hali. A 1996 ta bayyana cewa jinin da suke bayarwa gudummawa zubar da shi ake yi a ɓoye don tsoron ƙanjamau, dubbai suka fito zanga-zanga. A 2015 da 2019 'ya'yansu, haihuwar can, suka tare manyan tituna saboda cin zarafin 'yan sanda, na biyun bayan an harbe wani saurayi, Solomon Teka. A Habasha ana ƙyamarsu don Yahudawa ne, a can kuma don baƙaƙe ne. Duk da haka sun fitar da 'yan majalisa da minista, kuma tun 2008 Sigd ya shiga jerin bukukuwan ƙasa. Yahudawan Yaman da Iraƙi da suka riga su zuwa wajen 1950 su ma a tantuna aka fara ajiye su.

Akwai abin da ba zan so ki haɗa ba. Begen nan na addini ya kusa shekara dubu biyu, amma Sahayoniyanci, wato neman kafa wa Yahudawa ƙasa a can, siyasa ce ta jiya-jiya, wadda Theodor Herzl, ɗan jarida da bai damu da ibada ba, ya tara wa taro a Basel a 1897. Malamai da yawa sun ƙi shi a lokacin, suka ce komawa sai Almasihun da suke jira ya bayyana, kuma har yau akwai masu tsananin riƙon addini irin su 'yan ɗariƙar Satmar da ba su yarda da ƙasar Isra'ila ba. Ƙasar kuma ba fili ba ce da babu kowa. A 1948 sama da Falasɗinawa 700,000 aka raba da gidajensu. Dokar 1950 ta ba kowane Bayahude damar zuwa ya zama ɗan ƙasa, amma tsohuwar da aka haifa a Yafa, tana zaune a sansani a Labanan da makullin gidan ubanta, ba ta da wannan dama. Ni na yarda hawayen waɗancan matan na Gadarif gaskiya ne, kuma ban yarda hawayen ya halatta a kori wani daga gidansa ba. In ana musu a makarantarku, kada zafin abin da ake yi wa Gaza ya sa ki ce begensu ƙage ne, kada kuma tausayinsu ya sa ki yi shiru a kan Falasɗinawa.

In kin je hutu ki tambayi kakarki labarin yayanta da ya rasu a Gadarif, ta fi ni sanin yadda tafiyar tasu ta faro. Ki gaida mahaifiyarki da ƙannenki.

Baffanki.