Amsa: Yarona na fitsarin jini

Malam, ka ce ɗanka mai shekara 9 yana ganin jini a ƙarshen fitsari, kuma kullum yana wanka a kududdufi. Wannan ya yi kama da tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga dodon koɗi, ta huda fata a cikin ruwa, ta girma, ƙwanta ya riƙa raunata mafitsara. Ba alamar balaga ba ce, duk da abin da tsofaffi ke faɗa.

Ka kai shi asibiti a gwada fitsarin, na tsakar rana ya fi nuna ƙwan. Maganinta praziquantel ne, gwargwadon nauyinsa ake bayarwa, bayan ya ci abinci. Amma fa in ya koma kududdufin nan, sai ta dawo. Allah ya ba shi lafiya.